Wanda Muka Jefa a Ƙofar Kwaleji

Ranar wata Talata ce, mako biyu bayan Babbar Sallah, a shekarar da nake aji biyar, Nasiru ɗan unguwar Sa'alaba ya karya mini haƙori a gindin katangar filin kwaleji. Mun hau katangar bayan la'asar kamar kullum, mu 'yan unguwar Kurayyat ta Jidda a wajen ƙofa, su 'yan Sa'alaba a wajen tankin ruwa, muna kallon 'yan wasa suna zagaya fili babu mai busa musu usur. Sai Nasiru ya ɗaga murya ya ce da zarar sabon koci ya iso, yayana Haruna zai koma wankin mota. Ban san lokacin da na rarrafa a kan katangar na shaƙe shi ba. Muka faɗo tare cikin yashi da fasassun kwalabe, ya hau ruwan cikina yana ta dukan bakina da gwiwar hannu har na ji wani abu ya ɓalle, na tofar da shi da jini. Kafin ka ce kwabo yara sun zubo daga katanga, masu bel sun zare, masu takalmin roba sun cire, wani ya fasa wa wani kai da gwangwanin madara. Ba mu rabu ba sai da mai gadin kwalejin ya fito da tiyon ruwa yana zabga mana ba ya zaɓe.

Kwalejin koyon sana'a ce da ke tsakanin unguwarmu da Sa'alaba, kuma ƙungiyar ƙwallonta ce kaɗai abin da unguwannin biyu suka haɗu a kai. Duk ranar da za ta kara da wata kwaleji, har dattawa masu sayar da goro a bakin masallaci sukan naɗe tabarma su zo. Yaya Haruna ne mai tsaron raga. Da safe yana wankin mota a bakin kasuwa, da rana yana koyon aikin lantarki a kwalejin, da yamma ya shiga raga ya zama wani mutum daban. Dogo ne siriri, ba ya magana a gida sai an tambaye shi, amma in ya yi tsalle ya kamo ƙwallo a kusurwa sai filin ya kaure da ihu, ni kuwa in kumbura a kan katanga kamar ni na kama. Yayan Nasiru shi ne mai jiran gado a ragar, shekara biyu yana ɗumama benci. Daga nan gabarmu ta samo asali.

Ni a lokacin aikina a gida bai wuce uku ba, kuma dukkansu ina yi ne da sauri don in tafi fili. Da asuba in bi layi a gidan burodi in sayo burodin tamis da zafinsa da ful, wato dafaffen wake, a leda. In motar ruwa ta shigo lungu, in jera jarkoki in riƙa ja ɗaya bayan ɗaya har saman bene, hannuna duk kanta. Sai tantabarun Baba da ke kan rufi, in ba su gero, in share kashinsu, in kori magunan unguwa. A wurin korar maguna na koyi jifa. Daga kan rufinmu nakan sami mage a kan katangar gida na uku, kuma duk yaran Kurayyat sun san hannuna ba ya kuskure. Umma takan ce, "Wannan hannun naka, Idi, wata rana zai ja mana magana." Ni kuwa yabo nake jin ta yi mini.

Abin da kowa ya sani amma ba a faɗa da ƙarfi shi ne iƙamar gidanmu, wato katin izinin zama a ƙasar, ta mutu. Kakanninmu daga Sudan suka zo, mu duk a Jidda aka haife mu, amma kafilin Baba, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya rasu, magadansa suka yi ta wasa da maganar, takardunmu suka tsaya cak. Tsohon kocin kwalejin ya san da haka. Dattijo ne mai tumbi da muke kira Kyaftin, in aka zo rubuta sunayen 'yan wasa sai ya rubuta na Haruna ya wuce, ya ce, "Ni hannu nake dubawa, ba kati ba." A bayan hajjin wannan shekarar ciwo ya kayar da shi, ya tattara ya koma ƙasarsu. Aka bar ƙungiya babu koci, aka bar Haruna babu mai rufa masa asiri.

Daga ranar babu wata hira a unguwa sai ta wanda za a kawo. A shagon aski ita ake yi, a layin burodi ita ake yi, har ladan ya taɓa tsawata wa mutane a ƙofar masallaci. Sunaye biyu suka fito. Na farko wani ne da aka ce ya ci kofi a wata kwaleji, amma ranar da ya fara aiki can ya jera 'yan wasa ya ce kowa ya fito da katinsa. Ba mu damu da sunansa ba, Mai Takarda muka laƙaba masa. Na biyu Ustaz Bakur ne daga Makka, jikan alhazan da suka zo da ƙafa, namu ne, aka ce yana jin Hausa kuma ya san halin da irinmu ke ciki. 'Yan Sa'alaba suna son Mai Takarda, wai kofi suke so, amma mun san raga suke so wa yayan Nasiru. Mu kuwa Bakur muke roƙon Allah ya kawo mana. Babu wanda ya taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu a cikinmu, amma kowa ya rantse ya san kamanninsu.

Mako uku aka yi ana wannan jira, kuma ban taɓa ganin mako uku masu jini irinsu ba. Ɗan Kurayyat ba ya ratsa Sa'alaba shi kaɗai, ko aike aka yi masa sai ya zagaya ta babban titi. Suka tare wani ƙanin abokina a bayan kanti suka karya masa hannu da sandar tsintsiya. Muka rama, muka cinna wa ragarsu ta katako wuta, muka kama ɗaya daga cikinsu muka cusa masa yashi a baki har ya yi amai. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar an hau rufinmu ta gidan maƙwabta an murɗe wuyan tantabaru huɗu an jera su a bakin keji. Na yi kuka ranar, kukan baƙin ciki da na tsoro, domin na fara gane cewa in Mai Takarda ya zo ba wasa kaɗai Haruna zai rasa ba, har kwalejin zai bari. Shi kuwa Haruna na lura ya daina cin abincin dare sosai.

Mai shayin da ke ƙofar kwaleji ne ya ba mu labarin cewa ranar Lahadi Mai Takarda zai zo ganin fili ya sa hannu. Mu bakwai muka taru a wani kango, kuma ba zan ɗora wa kowa ba, ni na kawo shawarar. Na ce mu tsorata shi, ya ga unguwar ba ta zaunuwa, ya koma inda ya fito. Ba mu da shakkar gane shi. A tunaninmu Bakur baƙi ne irin Baba, a tasi zai zo ko a tsohuwar akori-kura, domin haka duk namu suke zuwa. Mai Takarda kuwa dole fari ne, da farar riga da babbar mota. Muka fasa bulo muka cika aljihu, muka laɓe a bayan tankin shara da ke fuskantar ƙofa.

Bayan la'asar kaɗan babbar mota ta tsaya a ƙofar. Mutumin da ke ciki fari ne tas, da farar riga da jan mayafi a ka, kamar yadda muka zana shi. Ya sauke gilashi yana magana da mai gadi. Wani a cikinmu ya ce yalla, mu jefa, duwatsu suka tashi. Na sauran a jikin motar suka faɗa, suka fasa fitila, suka lotsa ƙofa. Ni na tsaya na auna, kamar yadda nake auna mage, na saki guntun bulo mai kaifi ta tagar. Na ji ƙarar da ya yi a fuskarsa, har yau ina jin ta. Ya buɗe ƙofa ya fito yana tangaɗi, hannunsa a kan idon hagu, jini yana bin tsakanin yatsunsa yana sauka a farar rigar. Sai ya buɗe baki da Hausa, tsohuwar Hausar Makka irin ta kakata, ya ce, "Wayyo idona! 'Ya'yan wa ne ku? Ba ku da uwaye?" Mai gadi ya yar da sandarsa ya rungume shi yana ihu, "Ustaz Bakur! Ustaz Bakur!" Sauran suka watse. Ni kuwa na tsaya da dutse na biyu a hannu har mai gadin ya ɗago ya kalle ni, kuma ya san ɗan gidan wa ne ni.

Ba a kira magariba ba labari ya riga ni gida. Baba ya ɗaure hannuwana a bututun ruwa na tsakar gida, ya ninka wayar lantarki biyu. Bai yi zagi ba, bai tambaye ni komai ba, duka kawai yake yi, a baya, a cinya, a ƙafa, har fata ta tsage na daina jin inda wayar ke sauka. Umma ta faɗa a kaina ita ma ta sami rabonta. Haruna yana tsaye a ƙofar ɗaki yana kallo, sai da na fara shiɗewa ya zo ya riƙe hannun Baba ya ce, "Halas, Baba, ya isa." Shi ya kwance ni, ya kai ni ɗaki, ya gasa mini baya da ruwan zafi da gishiri. Ina jira ya zage ni, ina so ma ya zage ni, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Da ni ka jefo wa, Idi, da na kama."

Washegari Baba da dattawan unguwa suka je asibiti ba da haƙuri. A can suka ji cewa kwalejin ta gayyaci mutanen biyu ne a mako ɗaya, mai shayi ya rikita ranakun, kuma mahaifiyar Ustaz Bakur Balarabiya ce, hasken fatarta ya ɗebo. Idon bai ƙara gani sosai ba. Bai kai ƙara ba, ya ce ya san in 'yan sanda suka shiga Kurayyat rabin unguwa za a kwashe, amma aikin kam ya yafe shi. Bayan kwana goma Mai Takarda ya iso, gajere baƙi, a tasi. Ranar farko ya jera 'yan wasa ya ce kowa ya fito da katinsa. Ina kan katanga da bayana mai ciwo na ga Haruna ya cire safar hannunsa, ya miƙa wa yayan Nasiru, ya fita ta ƙaramar ƙofa bai waiwaya ba. Kwalejin ma ta sallame shi a watan. Ya koma wankin mota dukan yini, kuma a can aka kama shi a shekarar da ta biyo, aka tura shi Sudan, ƙasar da bai taɓa gani ba.

Yanzu filin ya zama wurin ajiye motoci, katangar ma an rushe ta. Takarduna sun gyaru tuntuni, ina tuƙi a Abhur, can arewacin Jidda, 'ya'yana suna jin Hausa amma da Larabci suke ba ni amsa. Su ma suna jiran sababbin koci, sai dai a waya suke jiransu, na ƙungiyoyin da ba su taɓa taka filinsu ba, su yi musu su yi dariya su kwanta lafiya. Ina yi musu murna, amma wani lokaci nakan yi kewar yammacin da unguwa biyu ke cika katanga ɗaya saboda wani dogon yaro da ke tsaye a raga. Haruna yana kira duk Juma'a, ya tambayi Umma, ya tambayi yara, bai taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Da hannuna na fitar da shi daga ragar nan, kuma don ina sonsa na yi.