Ruwan Bayan Jirgi

Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da mahaifina, na rufe shagon ɗinkina a birni na dawo ƙauye don in riƙe gonar tumatir. Noman rani a baki kawai na san shi. Abin da na sani dai, gonarmu ce a ƙarshen ƙaramin kanal, ta Baffa, wan mahaifina, tana sama da ita, kuma ruwa ba ya iso mana sai ya ɗage buhun ƙasar da yake datse shi.

Na tambayi Baba yaushe ne rabonmu na ruwa. Ya ce, "Bayan jirgi."

Na ɗauka ciwon ne ya fara hawa kansa. Wane jirgi kuma? Sai ya gyara kwanciya ya ba ni labari, irin labarin da in ya fara sai tuwo ya huce. Layin dogo yana can ta wajen Madobi, ba a hango shi daga gona, amma ana jin kukan jirgi sarai. Lokacin da ruwan kanal ya fara zuwa mana, jirgin fasinja kullum sai ya wuce kafin azahar. Baba ya sha shiga da kwandunan tumatir. Ya ce tasha a lokacin kasuwa ce guda, masu rake, masu dafaffen ƙwai, 'yan dako suna ta ihu.

A shekarun ne shi da Baffa suka yi faɗa a kan ruwa har aka ɗaga fartanya. Kakanmu ya zaunar da su ya raba musu yini: daga safe zuwa kukan jirgi na babba ne, daga nan zuwa faɗuwar rana na ƙarami. Bai yarda da kiran salla ba, don ladanin surukin Baffa ne. Bai yarda da agogo ba, don kowa yana iya murɗa nasa. Jirgi kuwa, in ji shi, ba ɗan uwan kowa ba ne. Suka sa hannu a cikin nasa suka yi alkawari, ba a daɗe ba ya rasu.

Na ce, "To Baba, ai jirgin ya daina zuwa."

Ya ce, "Wa ya ce maka ya daina? Yana zuwa."

Gaskiyarsa ta wani gefen. Daga kullum ya koma jefi-jefi, daga nan ya koma sai ya ga dama. A shekarun baya ba wanda ya damu, saboda ruwa yana da yawa, yana tsallake buhun ya gangaro mana ba tare da kowa ya ce uffan ba. Bana ne ciyawar kacalla ta cika kanal, ruwan ya zama ɗan siriri, buhun Baffa ya tare shi kaf.

Tumatir ɗinmu ya fara fure a lokacin. Shi ne abincin gidanmu na shekara, ba mu da wani. Ina kallo ganyen ya fara yaushi, ƙasa ta tsage. Na je na durƙusa na gaida Baffa a bakin kanal, na ce a taimaka mana da ruwa.

Ya ce, "Ka ji jirgi?"

Na ce, "A'a, Baffa."

Ya ce, "To."

Na ciro wayata na nuna masa akwai agogo a ciki wanda ba a murɗawa. Ko kallonta bai yi ba. Idonsa yana kan gonarmu, kuma na rantse ba farin ciki na gani a fuskarsa ba. Ya ce, "Ubanka ne ya aiko ka?" Na ce a'a. Ya ce, "In yana so a canza maganar mahaifinmu, ya faɗa da bakinsa."

Na koma gida na faɗa wa Baba. Ya ce, "Shi ne babba. In za a canza, daga bakinsa za ta fito." Sannan ya nuna ni da yatsa ya ce in na kuskura na taɓa buhun nan da hannuna bai yafe ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kaina kuma ya ɗaure. Tsofaffi biyu, kowa yana son ruwan ya wuce, kowa ya ƙi zama wanda ya fara warware maganar mamaci. Ni ga ni a tsakiya da jarka, ina ɗibo ruwa daga rijiya ina ɗiga wa gona guda kamar mai ba jariri magani. Matata ta ce in je in samo jirgin tunda shi ake jira. Ba'a take yi, amma washegari na hau acaɓa na tafi tasha.

Na tarar da awaki kwance a kan layin dogo, ciyawa ta fito tsakanin ƙarafan, wata mata ta shanya barkono a inda fasinja suke tsayawa. Wani dattijo mai gadi yana gyangyaɗi a inuwa. Na tambaye shi yaushe jirgi zai zo. Ya ce, "Ko yau, ko wata mai kamawa. Ina za ka?" Na ce ba inda za ni, ruwa nake nema. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini butarsa.

Furen ya fara zuba. Ranar da na ga haka ban ɗauki jarka ba. Na je na zauna a bakin kanal, nesa kaɗan da Baffa, ban ce masa komai ba bayan gaisuwa, don na san in na buɗe baki rashin kunya ce za ta fito. Rana ta take. Ba iska, ba motsi, sai wani injin casar shinkafa can nesa, shi ma ya mutu.

Can sai Baffa ya ɗaga hannu, ya karkata kai wajen Madobi. Ya ce, "Saurara."

Na saurara. Wallahi ban ji ko kukan ƙuda ba.

Ya ce, "Ka ji shi? Ya wuce."

Na buɗe baki zan ce ban ji ba, sai ya watso mini wani kallo, na rufe. Ya naɗe wandonsa, ya shiga ruwan, ya ɗage buhun da kansa yana nishi. Ruwa ya gangara gonarmu, ƙasa tana sha tana ƙara. Na bi ruwan da fartanya ina gyara masa hanya, hawaye na zuba, ban san ko na murna ne ko na haushi ba.

Da yamma na shiga ɗakin Baba, ƙafafuna duk taɓo. Na shirya yadda zan faɗa masa gaskiya, cewa ba jirgin da ya wuce, yayansa ne kawai ya tausaya mana. Ina tsoron ya ce a mayar da buhun. Kafin in zauna ya riga ni.

Ya ce, "An ba ka ruwa?"

Na ce, "An ba ni, Baba, amma..."

Ya lumshe ido ya ce, "Na ji shi daga nan. Ya ɗan yi latti yau."