Ranar da Sanda Ta Rasa Inuwa

Da za a ba ni dama in warware abu ɗaya cikin rayuwata, da na warware wani shiru da na yi a wani zaure kusa da Hubbare. Ban zagi kowa ba, ban ci haƙƙin kowa ba. Tambayata aka yi abin da nake so, na sunkuyar da kai.

Lokacin Turawa ba su daɗe da cin Sakkwato ba. Na sauke Alƙur'ani a garinmu Kwalkwalawa, gemu ya fara tsiro mini, sai babana ya ce ƙannena su riƙe fadamar shinkafa, ni in shiga birni neman ilimi. Ya danƙa ni hannun wani babban malami.

Malamin nan ba ya buɗe wa sabon ɗalibi littafi nan take. Sai ya tara mu baƙi, da ƙyar muka cika tabarma biyu, kowace rana ya sa ɗaya daga cikin malaman da ke zama wurinsa ya ɗan zauna da mu, ya nuna mana bakin fanninsa. Tsofaffin ɗalibai suna kiran abin ɗanɗano. In an zagaye malaman duka, sai a tambayi kowa wanda yake so ya bi.

Mai nahawu ya zo, ban gane kome ba. Mai fiƙihu ya raba mana gadon wani mamaci da tsakuwa a ƙasa, har matar da ke da ciki ta sami rabon abin da ke cikinta. Wannan ya burge ni. Amma wanda ya tafi da zuciyata wani tsoho ne siriri, masanin tafiyar rana da taurari.

Shi bai zauna a zaure ba. Da hantsi ya fitar da mu tsakar gida, ga bazara ta kai maƙura. Ya kafa sandarsa a ƙasa, ya rataya dutse da zare a gefenta har ya tabbata ta miƙe sosai.

Ya ce, "Ku zamna ku dibi inuwar wagga sanda."

A cikinmu akwai wani Bazamfare mai baki. Ya ce, "Allah gafarta Malam, karatu munka zo ko shanya?"

Tsohon ya ce, "Shanya, ɗana. Kanka da sauran danshi."

Muka yi dariya, muka zauna. Inuwar ta yi ta gajarta. Na sha ganin haka a gona, na san takan tsaya ta bar ɗan guntu. Ranar nan ba ta tsaya ba. Ta yi ta janyewa har ta shige ƙarƙashin sandar. Na duba gabas da yamma, kudu da arewa, babu. Tulun da ke gefe shi ma ya zauna a kan tasa inuwar.

Sai tsohon ya ce mu leƙa rijiyar gidan. Rijiya ce mai zurfi, ban taɓa ganin ruwanta ba sai a guga. Da na leƙa, ga rana can ƙasa zaune a kan ruwa, ta haska ginin rijiyar har ƙasansa. Ban san lokacin da na yi kabbara ba.

Ya ce, "Kai, na Kwalkwalawa, mi kag gani?"

Na ce, "Rana, Allah gafarta Malam. Ta sauka har ƙasa."

Ya bayyana mana cewa sau biyu a shekara take bi ta tsakar kan Sakkwato, yanzu kafin ruwa ya sauka, sai kuma cikin damina. Ba duba ba ne, lissafi ne, kuma da shi ake sanin lokutan salla da alƙibla da taurarin shuka. Ni da na tashi ina ganin babana yana jiran shamuwa kafin ya gyara gona, sai na ji ashe Allah ya shimfiɗa wa sama hanya, kuma ɗan Adam yana iya koyonta. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so in bi tsohon nan ba.

Ranar tambaya ta zo, malamai suna jere a zaure. Mu a gidanmu, in an miƙo maka abinci cewa kake ka ƙoshi, sai an nanata. Yaro mai tarbiyya ba ya cewa "ina so" gaban manya. Da maigida, wato babban malamin, ya zo kaina, na dubi ƙasa na ce, "Duk inda Malam ya sa ni."

Ina jira a sake tambaya. Ashe a zauren nan sau ɗaya ake yi. Tsohon ya dube ni, ya ɗan dakata. Ban ɗaga kai ba. Maigida ya ce, "To, fiƙihu." Bazamfaren nan kuwa, da aka zo kansa, ya ce, "Ni shanya nika so." Aka yi dariya, aka ba shi.

Duk daminar nan ina ganinsu su biyu a tsakar gida suna zane a ƙasa. Na ji kunyar in ce wa maigida inda ya sa ni bai yi mini ba. Na ce bari dai kaka ta yi. Da kaka ta yi, tsohon ya bi ayarin masu tafiya gabas, don ba ya so ya mutu ƙarƙashin mulkin Nasara. Ɗalibinsa Bazamfaren nan ya riƙe masa gafaka. Ba wanda ya dawo.

Fiƙihun ma ban yi nisa ba, na koma fadama. Har yau in bazara ta yi nakan kafa sanda a gidana. Wata shekara in dace da ranar, sau da yawa in sami guntuwar inuwa, ban sani ba ko na yi sauri ko na makara.

Ku da ake kai ku gaban malamai yanzu, ina roƙonku, in an nuna muku abin da ya girgiza zuciyarku aka ce wa ke so, ku gaishe da manya yadda ya kamata, sannan ku buɗe baki ku ce ku ne.