Likitan Landan da ya zagi kawuna

Kawuna tsohon hedimasta ne a Gwandu. Da ya yi ritaya sai muka saya masa babbar waya, ya shiga Fesbuk yana gyara wa duniya rubutu.

Ana gab da zaɓe wani ya sa hoton rijiyar burtsatse sabuwa fil, wai ɗan takara ne ya gina ta a Kambaza. Kawu yana da gona a Kambaza, da jarka yake kai ruwan shansa. Ya rubuta: "Wannan ƙarya ce."

Kafin la'asar mutum tara sun yi masa ca. Akwai wata hajiya daga Kano, da wani lauya, da likita mazaunin Landan wanda ya kira shi tsoho mai hassada. Kwana biyu Kawu bai ci tuwon kirki ba.

Ranar Asabar na zo daga Kalgo, inda nake koyarwa, na tarar da shi da tabarau yana bin zagin layi-layi.

Ya ce, "Duba nan. Bakanuwa ta rubuta 'tahi' irin tamu ta nan maimakon 'tafi', ɗan Landan ma 'tahi'. Kuma su tara duka sun rubuta 'burstatse'. Yaro guda na yi shekara ukku ina bugu a kan wannan."

Yaron yanzu magidanci ne, yana da rumfar cajin waya a Kalgo. Muka hau babur. Da ya hango Kawu sai ya durƙusa, wayoyi huɗu a gabansa.

Kawu ya ce, "Wacce ce likitan?"

Ya nuna wata mai fasasshen gilashi. "Malam, ku yi haƙuri, aiki ne. Da safe ake turo muna hoton da abin da za mu ce. Ban lura ku ne ba."

"To rijiyar a ina take?"

"Wallahi ban sani ba."

Na zaci Kawu zai sa shi ya goge hoton. Sai ya ce a fara gyara kalmar, sannan likita ya fito fili ya ba shi haƙuri. Muna tsaye ya rubuta, Kawu yana faɗa masa inda zai sa waƙafi.

Da yamma na ji shi a majalisa yana miƙa wa abokansa waya: "Ku karanta. Har daga Landan." Na wuce abina, shi ma bai dube ni ba.