Rigar da Ban Ajiye a Bakura Ba

Ɗana na fari shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a Talata Mafara, har zuwa damina biyu da suka wuce. Ba na kiran sunansa, kuma ba yau zan fara ba. Haka muka taras a gidanmu: ɗan fari na kakanni ne, uwa ba ta ambatonsa, ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa a gaban mutane. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. In zan yi zancensa sai in ce wancan. Duk abin da yake nema a wurina ta bakin kakarsa yake biyowa, har Allah ya karɓi ranta.

Ban taɓa zuwa kallon ƙwallo ba. Amma filin yana bayan katangarmu, kuma ina da kunne. Da an sallame la'asar zan ji usur ɗinsa, in ji shi yana kiran yara ɗaya bayan ɗaya har muryarsa ta dushe. Ranar Talata kasuwa ta kwashe masa rabinsu, wasu na dako, wasu na tsaron shagon iyayensu. Lokacin dashen shinkafa kuwa sai ya tsaya da mutum shida yana jiran sauran har magariba. In ranar wasa ta zo, 'yan kwamiti su zauna a inuwa su aiko masa da takarda, wane ya sa ɗansa, wane ya cire ɗan wane. A ci su, a ce koci bai iya ba. Ya shigo gida matarsa ta ajiye masa tuwo, ya zauna yana zana layuka da tsinke a ƙasa har tuwon ya sandare. Ina gani daga ƙofar ɗakina, ban taɓa ce masa ci kanka ba.

Rigunan ƙungiyar a gidanmu ake wanke su. Goma sha takwas ne, koraye. Ban yi boko ba, ban iya karanta lambobin bayansu ba, amma na san su da kama. Akwai mai kamar muciya, akwai mai kamar ƙwarya biyu a kife da juna, akwai mai kamar ludayi a tsaye, wadda suke kira lamba tara. Ita wannan ba ta da mai ita. Yau ta dawo a buɗe saboda ƙaton da ya sa ta, gobe a ɗaure ta da ƙulli a ƙugu. Matarsa ce ta faɗa mini cewa rigar mai cin ƙwallo ce, kuma abin da suka rasa ke nan. Suna iya kai ƙwallo har bakin raga, sai a rasa mai jefa ta ciki.

Ana nan sai labari ya bazu cewa wani ɗan wasa ya dawo gida Bakura. Ya yi shekaru yana buga wa wata babbar ƙungiya a birni, kwantiraginsa ya ƙare, ba wanda ke da shi. Duk ƙungiyar da ta fara samun sa hannunsa nata ne. Mutanen Maradun na nemansa, namu ma na nemansa. 'Yan kwamiti suka kira wancan suka ce masa gasar kofi ta matso, in ya kawo yaron ya ci gaba da riƙe ƙungiya, in ya bari Maradun ta ɗauke shi, su karɓi usur su ba wani.

Yaron auta ne a wurin ƙawata. Tare muka tashi da ita a Damri, tare muka yi tallar fura, aure ya kai ta Bakura ya kawo ni Mafara. Auta ya ce wa kowa shi ya gaji da yawo, inda uwarsa ta nuna nan zai buga.

Wata safiya ina tsince shinkafa a faifai, sai na ga inuwa a ƙofar ɗaki. Wancan ne, ya durƙusa daga waje. Ya gaishe ni, ya tambayi kwana, ya tambayi ƙafata, ya sake tambayar kwana. Na san akwai magana, don bai taɓa zuwa neman wani abu wurina kai tsaye ba. Can ya turo wata baƙar leda ta ƙarƙashin labule, rigar lamba tara ce a ciki.

Ya ce, “Inna, ba sai kin yi dogon zance ba. Ki ce wa ƙawarki ina son yaron. In ta karɓi rigar nan, magana ta ƙare.”

Na ce, “Mi ya haɗa ni da ƙwallonku?”

Ya ce ba komai, sai dai duk duniya ba wanda matar nan za ta ji nauyinsa kamar ni. Ban mayar masa da ledar ba. Ya gane, ya tashi.

Washegari da hantsi ina Bakura. Ledar na ƙasan jakata, na danne ta da ƙullin daddawa da goron da na saya mata. Ƙawata ta tarbe ni da guɗa, tsohuwa da ita. Muka gaisa, muka sake gaisawa, muka bi gidajen Damri ɗaya bayan ɗaya, wa ya mutu, wa ya rage, wa ya tashi ya koma gari saboda halin da ake ciki. Ta dama mini fura. Daga nan ta shiga zancen autanta. Shi auta ba kunya a kansa, sai ta sake baki. Ta kira sunansa ya fi sau ashirin. Ta nuna mini hotonsa a waya ya ɗaga kofi, ta nuna mini katifar da ya saya mata. Ta ce baƙi sun dame ta, jiya ma wani dattijo ya zo daga Maradun ya zauna a zaure, ta ce masa ya dawo jibi.

Auta ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni. Na dube shi da kyau. Dogo ne, ƙafafunsa kamar an sassaƙa, kuma yana da kunya. Ya tambayi koci, ya ce tun yana yaro yake jin labarinsa. Na ce lafiya lau. Ya ɗan jira, ya ga ban ƙara komai ba, ya fita.

Bayan azahar ƙawata ta gyara zama ta fuskance ni. Ta ce, “Wancan naki fa? Har yanzu yana tare da yaran ƙwallo?”

Ita ce ta buɗe mini ƙofa da hannunta, na sani. Hannuna ma yana kan jaka. Ina jin ledar tana ƙara a ƙarƙashin yatsuna. Amma shekara arba'in da wani abu bakina bai taɓa neman wani abu dominsa ba, ko a wurin ubansa. Abin da ya saba faɗa shi ya faɗa.

Na ce, “Yana nan yana ɓata lokacinsa.”

Ta yi dariya ta ce ni dai ba na canzawa. Sai ta tsaya tana kallon jakar. Na ce a raina bari in sha ruwa tukuna. Da na sha, na ce bari maƙwabciyar da ta shigo aron turmi ta fita. Da ta fita, aka kira la'asar. Yanzu ba mai son yamma ta riske shi a kan hanya, masu mota ma ba sa jira. Na ciro daddawa da goro na ba ta, na ɗaure jakata. Har tasha ta raka ni tana tafiya a hankali. Na shiga mota da rigar.

Da na dawo na taras da shi a tsakar gida, wai yana gyaran keken ɗansa. Ya tambayi hanya. Ya ce, “Mi ta ce?” Na ce ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ba ƙarya na yi ba, ta faɗi hakan a tasha. Ya ga hannuna ba leda, fuskarsa ta saki. Na shige ɗaki na tura rigar ƙasan adaka, ƙarƙashin zannuwan da ba na ɗaurawa.

Kwana uku aka ji auta ya sa hannu a Maradun. Daga baya ƙawata ta aiko mini da saƙo ta bakin wata mai sayar da man gyaɗa. Ta ce ta san kunya ce ta riƙe ni, ta kuma san abin da ke cikin jakar. Amma dattijon Maradun ya dawo ya roƙa da bakinsa a gaban mutane, ita kuwa ba ta da abin da za ta nuna ta ce wasu sun riga shi. Ta ce da na ajiye ledar a kan tabarma na tashi, da ya isa.

A gasar kofin, Maradun ce ta fitar da su. Daga ɗakina na ji filin ya yi tsit sau biyu, aka ce duk biyun auta ne ya ci. A zaton wancan an karɓi rigarsa an yi masa yankan baya, sai ya daina amsa gaisuwar mutanen Bakura a kasuwa. Ina gani, na bar shi a haka.

Sati bai cika ba shugaban kwamiti ya zo da mutum biyu karɓar kaya. Suka zauna a zaure, ɗakina kuwa bango ɗaya ne da zauren. Na ji an ajiye ƙwallaye, na ji an ajiye usur. Aka fara ƙidayar riguna, aka tsaya a sha bakwai. Aka sake, sha bakwai. Shugaban ya ce ina ta tara. Wancan ya ce tana Bakura. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya ya ce wato an rasa ɗan wasa an kuma rasa riga, ko dai tun farko koci bai aika kowa ba, rigar ta bi kasuwar Talata. Na ji wancan ya ce gobe zai tafi Bakura da kansa ya karɓo ta a hannun tsohuwar.

Na buɗe adaka. Na yafa mayafi na tsaya a bakin ƙofar zaure ta ciki, inda za su ji ni ba su gan ni ba. Na miƙa ledar. Sallamata kaɗai ta sa suka yi shiru.

Na ce, “Ga rigarku. Ya aika, ni ya aika. Na tafi na dawo da ita ban buɗe baki ba. Shekara bakwai ina jin muryar wanga mutum a bayan katanga, ruwa da rana, ku kuna inuwa. In akwai laifi nawa ne, shi ya yi aikinsa.”

Can shugaban ya ce Allah ya ba da haƙuri, Inna, amma an riga an yi magana da sabon koci. Suka kwashe kaya suka tafi.

Ya daɗe a zauren kafin ya shigo. Ya tsaya daga bayan labule kamar kullum. Na ɗauka zai tambaye ni dalili, na kuma shirya in yi shiru. Sai ya ce ƙafar fa, ta yi sauƙi? Na ce da sauƙi. Ya ce gobe zai biya Bakura ya gaishe da ƙawata, don ya ɗauki alhakinta.

Yanzu da la'asar gona yake tafiya. Igiyar shanya ta koma ta zannuwa da kayan yara. Wani lokaci yakan makara bai fita ba har sabon kocin ya busa usur a bayan katanga, sai in ga ya tsaya da fartanya a kafaɗa yana saurare. Jiya na ji ya ce wa matarsa har yau ba su sami mai sa rigar ba.