Kaset ɗin da ya tafi Libiya

Yayana mai gyaran rediyo ne a unguwar Kaladan, kuma mayen jita. Wani ya taɓa kawo masa rediyo gyara da kaset a ciki, bai sake waiwayowa ba. Kiɗan wasu Turawa ne, wanda suke kira bulus. Mawaƙin ya yi baiti biyu kamar mai kuka, sai ya yi shiru, mai jita ya kama yawo, minti goma bai dawo gida ba. Ni haushi yake ba ni. Daga shagona na ɗinki da ke jikin nasa nakan ce, "Yaya, mutumin nan hanya ya ɓata?"

"Shi kansa bai san inda za shi ba," in ji shi. "Daɗin ke nan."

Kullum da la'asar sai ya kunna, ya ɗauki jitarsa yana mayar wa Baturen amsa, kuma bai taɓa maimaita abin da ya kaɗa jiya ba. Sau ɗaya tak ya yarda na ɗauke shi a kaset, ranar da ruwan sama ya kashe mana kasuwa. Ni mai tsiyar, ranar sai da na yi hawaye.

A lokacin, kaset ne wasiƙarmu. Mma, mahaifiyarmu, ba ta rubutu, gaban rediyo take zama ta yi wa ƙanenmu da ke Libiya magana. Wata safiya mai tafiya can ya zo a gurguje, ga shi babu sabon kaset a gidan.

"Yi maza, lori zai tashi," in ji Mma.

Na ɗauko na Yaya, na ranar ruwa, na sa, na danna. A raina na ce ai gobe ma zai kaɗa. Mma ta cika shi gaba da baya da gaisuwa da faɗa. Ban gaya wa Yaya ba. Kafin damina ta zagayo, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

Yanzu kiɗan Turawan yana cikin wayata, ko ɗigo bai canza ba. Ina kunna masa a ɗakinsa a unguwar Choggu. In aka zo gurbin da yake ba da amsa, yatsun damansa sukan motsa, na hagun suna kwance. Na tsani gurbin nan.

Duk wata sai ya ce, da harshensa mai nauyi, "Ƙanwata, kawo nawa, na ranar ruwa. Ina so in ji ko da gaske na iya."

Nakan ce masa ina kan nema.