Kofin da ya ƙetare katanga

Malam ya fara ganin Inna Tsaye a shekarar da aka jawo famfo unguwarsu, shekara arba'in da ɗaya ke nan, kuma ya rubuta ranar a littafinsa kamar yadda aka koyar da shi tun yana ɗan makaranta. Sabon malamin lissafi ne a lokacin, da shi da matarsa ba su wuce wata uku da tarewa ba. Wata safiya sai ga kan mace ya leƙo ta saman katanga, goye da yaro, tana tambayar ko kabewar da ke yaɗo a bayan ɗaki tana da iri. Matar Malam ta cika wani ɗan kofin tangaran mai guntulallen mariƙi da irin kabewa, ta miƙa mata. Kofin bai dawo ba.

Yaran unguwa ne suka sa mata suna Inna Tsaye, don babu wanda ya taɓa ganinta a zaune. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu ya bar ta da yara biyar da wani fili a bayan gida wanda bai fi shimfiɗar tabarma takwas ba. Da wannan fili ta raine su. Tumatir, karas, alayyafo, albasa, bishiyar lemun tsami guda, sai kabewa da ta haye rufin kicin. Tana ban ruwa tana faɗa da kaji, tana yankan albasa tana tambayar yara karatu, abinci ma a tsaye take ci. Idan babban hutu ya zo, tukunyarta ba ta sauka, kuma duk abin da ke ciki daga lambun ya fito. Kowace shekara matar Malam takan tsokane ta da maganar kofin, ita kuwa takan ce ai sai ranar da aka buƙace shi.

Tsakaninta da Malam sai a hankali. Shi yakan gyara mata magana, ita kuma tana kiransa Malam Daidai, wai ko gishiri zai zuba sai ya nemi ma'auni.

Bara matarsa ta kwanta jinya wata bakwai, ta rasu. Lambunsu ya bushe, ɓera ya cinye irin da aka ajiye. Da hutun bana ya matso, 'yarsa ta bugo waya ta ce za su zo da jikoki. Ta ce ƙaramar cikinsu tana tambayar ko za a sami kek ɗin kabewa na Kaka.

“Za a samu,” in ji Malam.

Bai taɓa fasa ƙwai a rayuwarsa ba. Amma yana da tsohon littafin girkinta, wanda ta rubuta a watannin farko na aurensu, kafin hannunta ya saba ta daina awo. Fulawa kofi uku, sukari kofi ɗaya, kabewa dafaffiya kofi biyu, ƙwai huɗu, bota, kirfa kaɗan. A ganinsa wannan lissafi ne kawai, kuma shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da lissafi.

Saura kwana huɗu ya sayo kabewa a kasuwa, ya ɗauko babban kofin awo mai layi-layi a jiki, ya auna komai har da shafe bakin kofi da wuƙa. Abin da ya fito daga tanderu ko kaji sai da suka yi shawara kafin su taɓa. Ya sake washegari, ya rage wuta, ya zauna gaban tanderun da agogo a hannu. Waje ya ƙone, ciki ya ƙi nuna. Ya shiga ɗaki ya fito, ya goge tabarau ya sake karanta shafin, ya duba bayan takardar ko an ƙara wani abu. Ya ɗauki waya zai gaya wa 'yarsa gaskiya, ya ajiye. Ba kek ɗin ne kaɗai ya dame shi ba. Tsoro yake yara su shigo gidan su iske babu ko ƙamshin Kaka, su ci abinci cikin ladabi, su koma, baɗi kuma su sami dalilin ƙin zuwa.

A rana ta uku yana fitar da wani kek ɗin zuwa kwandon shara sai kan nan na Inna Tsaye ya leƙo, yanzu da furfura, butar ban ruwa a hannu.

“Malam Daidai, bulo ka koma bugawa?”

Ya ce yana bin abin da aka rubuta ne, ba ƙari ba ragi. Ta tambayi kabewar ina ce, ya ce ta kasuwa. Ta ce waccan ai ruwa ce aka sa wa riga. Sai ta ce ya karanto mata awon. Ya karanta a hankali, kamar mai ba ɗalibai shifta. Da ya ɗaga mata kofin da yake awo da shi, ta dube shi, ta dubi kofin, ta buɗe baki kamar za ta yi dariya, sai ta fasa. Ta ce kaji sun shiga mata alayyafo, ta ɓace.

Ransa ya ɓaci. Ya yi zaton ko shawara ce za ta ba shi.

Da safe, ranar da baƙi za su iso, ya fito ya ga abu biyu a kan katanga. Kabewa ce doguwa mai ɗigon fari a jiki, irin wadda bai ƙara gani ba tun da lambunsu ya mutu. Kusa da ita ɗan kofin tangaran mai guntulallen mariƙi, cike da busasshen iri har baki.

Ya daɗe riƙe da shi. Sannan ya juye irin a ambulan, ya rubuta kwanan wata, ya wanke kofin. Da ya auna fulawa sau uku, bai kai rabin abin da yake zubawa ba. Ƙwai huɗun nan dama na wannan kofi ne. Ya kwaɓa, ya sa a tanderu, ya yi ta kai da kawowa tsakanin kicin da ƙofar gida.

Motar ta tsaya da azahar. 'Yarsa ta shigo da jaka a hannu tana faɗa wa yara su cire takalma, sai ta yi turus a bakin kicin, ta ja numfashi. Ƙaramar ce ta wuce ta gefenta da gudu.

Malam ya yanka wani yanki na kek ɗin a faranti, ya je bakin katanga. Inna Tsaye tana can duƙe tana cirar ciyawa a cikin karas.

“Inna, kofi ya iso.”

“Ai sai yau aka buƙace shi,” ta ce, ba ta ɗago ba. “Ajiye min a nan, hannuna da ƙasa. Irin kuma kada ka shuka shi da ma'auni, uku-uku a rami ya isa.”