Mai Gadin Ƙofar Da Ba Tasa Ba

A jirgin ƙasan Groningen zuwa Zwolle wani mutum ne zaune kusa da ni, rigar ruwansa sharkaf bai ko cire ba. Yatsansa na da shatin zoben aure, zoben kuwa babu. Burodi da cuku na kan cinyarsa, cizo ɗaya ya yi ya manta.

Wayarsa yake kallo. Kyamarar tsaron wani gida ke nuno masa shuɗiyar ƙofa, da keken yara a jingine. Ko ganye ya gifta sai ya zabura. A raina na ce, bawan Allah, ɓarayi sun taɓa shi.

Sai ƙofar ta buɗe. Wata mata ta fito da kujera, ta taka ta kai ga kyamarar, fuskarta ta cika wayar.

"Harmen, na san kana kallo. Nan ba gidanka ba ne yanzu. Ka ƙyale mu mana!"

Hoton ya ɗauke.

"Da hannuna na kafa kyamarar nan," in ji shi, bai dube ni ba.

A tashar Assen ya sauka. Ina hango shi ta taga yana sassarfa wajen jirgin da ke komawa Groningen, ni kuwa ko sunan matar ban sani ba.